Cizon Matsattsaku a Fadama da Abin da Muke Yi Wa Ciwon Bayan Ta Saki

A watan Agusta na daminar bara muna cirar ciyawa a gonar shinkafarmu da ke fadamar Argungu, ruwa ya kai mana ƙwauri, a wasu wuraren har gwiwa, sai ɗan yayata mai shekara 13 ya hau kan kunya domin ya sha ruwa, ya duba ƙafarsa ya ga jini yana gangarowa har idon sawu. Matsattsaku ce ta maƙale masa, ta riga ta kumbura ta kai kaurin ɗan yatsa, shi kuwa bai san lokacin da ta kama shi ba. Ya ƙwala mini kira yana cewa, "Kawu, zo ka cire mini ita!" Mu shida ne a gonar, kuma kowa ya kawo tasa shawarar. Wani ya ce a nemo gishiri, wani ya zaro ashana, wani ya ce a tofa mata ruwan taba. Wani dattijo da ya girme mu duka ya ce, "Ku bar ta ta ƙoshi, za ta faɗi da kanta." Ban saurari kowa ba, domin kukan yaron ya tayar mini da hankali. Na kama ta na fizge da ƙarfi, na debo laka daga gefen kunya na shafe wurin don jinin ya tsaya, muka koma cikin ruwa muka ci gaba da aiki har la'asar.

Bayan kwana uku ƙafar ta kumbura ta yi ja, wurin ya fara tara mugunya, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ga zazzaɓi da dare. Da muka kai shi asibiti, ma'aikacin lafiyar da ya duba shi ya tambaye ni abin da aka sa wa ciwon, da kuma ko yaron ya sake shiga ruwa. Na ba shi amsa, ya jinjina kai ya ce mini, "Malam, matsattsaku ta yi nata ƙaramin aiki ta tafi, sauran aikin laka ce da ruwan gona suka yi shi." Yaron ya yi mako biyu bai taka gona ba. Wannan magana ce ta sa na zauna na bincika al'amarin wannan halitta da muka tashi muna gani a kowane tafki, amma ba mu taɓa tambayar yadda ya kamata a yi da ita ba.

Matsattsaku dangin tana ce, jikinta zobe-zobe ne, kuma tana da abin mannewa a kowane ƙarshe na jikinta. Abin da ke rikita mutane shi ne cewa bakin yana wajen siririn ƙarshen, shi kuwa faffaɗan ƙarshen da ake ɗauka kai ne, da shi take riƙe fata kawai. Masana sun ƙidaya kusan iri 700 a duniya, kuma ba dukansu ne ke shan jinin mutum ba, domin da yawa kifi da kwaɗi da katantanwa da ƙananan tsutsotsi suke bi. Masu kama mutum da dabba suna da muƙamuƙi uku masu jerin ƙananan haƙora kamar zarto, shi ya sa idan aka wanke wurin aka duba da kyau za a ga tsaga uku sun haɗu a tsakiya. Tana gane zuwan mutum ta hanyar motsin ruwa da inuwa da ɗumin jiki, kuma wadda ta ƙoshi tana iya yin watanni ba ta sake cin komai ba. Ba ta da dafi irin na maciji ko kunama, kuma yawanci ba a jin cizonta, musamman ga wanda ƙafarsa ta daɗe cikin ruwa hankalinsa yana kan aiki.

Jinin da ke ci gaba da zuba bayan ta saki shi ne ke firgita mutane, kuma dalilinsa yana cikin miyanta. Akwai sinadarai a ciki da ke hana jini daskarewa, mafi suna a cikinsu shi ne hirudin, wanda ke toshe aikin sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen ƙulla gudan jini a bakin rauni. Wani masani ɗan Birtaniya, John Berry Haycraft, shi ne ya fara gano wannan a shekarar 1884. Saboda haka ƙaramin cizo da bai kai ƙwayar gero ba yana iya tsattsafo da jini na awoyi da yawa, wani lokaci har kwana guda. Abin da ita kanta take sha kaɗan ne. Irin da likitoci ke amfani da ita tana shan abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa uku ba, cikin minti 20 zuwa 40, sannan ta saki ta faɗi. Babban mutum mai lafiya yana da jini kusan lita 5 a jikinsa, don haka cizo ɗaya ko biyu a ƙafa ba zai rage shi da komai ba. Ta wannan fuska dattijon nan ya fi mu gaskiya, domin barin ta ta ƙoshi ya fi fizge ta aminci, ko da yake ba kowa ne zai iya tsayawa yana kallon abu yana shan jinin ɗansa ba, ni ma ban iya ba.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin cikinta da kuma cikin ruwan da take zaune. A hanjin matsattsaku akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Eromonas, wadda ke taimaka mata wajen narkar da jinin da ta sha, kuma ita wannan ƙwaya tana zaune a ruwan tafki da laka ma. Idan ta samu hanyar shiga rauni tana haddasa kumburi da mugunya, a wasu mutanen har ta ci nama ko ta shiga jini. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci ke gargaɗi a kan gishiri da wuta da taba da kananzir da sabulu a lokacin da take maƙale. Gaskiya ne duk waɗannan suna sa ta saki nan take, kuma shi ya sa muka gaje su daga iyayenmu, amma halittar da aka ƙona ko aka zuba wa gishiri tana murɗewa ta amayo abin da ke cikinta, alhali bakinta yana cikin raunin. Matse ta da yatsu yayin fizgewa ma haka yake yi, sannan yana yaga fatar, wani lokaci ya bar guntun haƙoranta a ciki. Ashana kuwa tana ƙara wa mutum ƙuna a kan cizo. Akwai masu cewa idan kanta ya tsinke ya zauna a jiki zai rayu ya bi jijiya har zuciya. Wannan ba ya faruwa. Guntun da ya saura yana jawo ƙaiƙayi da jinkirin warkewa ne kawai, kamar yadda ƙaya ko sartse ke yi.

Hanyar cire ta ba ta buƙatar komai sai natsuwa da farce. Mutum ya fito daga ruwa tukuna ya zauna, ya nemo siririn ƙarshen inda bakin yake, ya ja fatar da ke kusa da wurin da yatsun hannu ɗaya har ta miƙe, sannan ya kwantar da farcen ɗaya hannun a kan fatar ya tura shi a hankali ta gefe ƙarƙashin bakin. Da zarar iska ta shiga tsakanin bakin da fata, riƙon ya warware, sai a ture kan gefe, a yi wa faffaɗan ƙarshen haka nan, a yi wurgi da ita da sauri, domin tana iya juyowa ta kama yatsa. Wanda ba shi da farce yana iya amfani da gefen tsohon katin waya ko katin banki, ko bayan wuƙa, ko tsagin kara mai laushin baki. Duk aikin bai wuce daƙiƙa kaɗan ba idan hannu ya saba. Bayan ta rabu da jiki, wanda yake so ya zuba mata gishiri ya kashe ta ya zuba, babu laifi a lokacin. Idan yaro ne, abin da ya fi wuya shi ne riƙe shi, don haka babba ɗaya ya rungume shi yana yi masa magana, ɗaya ya yi aikin, kada a taru a kansa ana ihu kamar yadda muka yi.

Abin da ake yi wa raunin bayan nan shi ne ke raba wanda zai manta da cizon cikin mako guda da wanda zai kwanta. A wanke wurin da ruwan sha mai tsabta da sabulu, ba da ruwan gonar ba, kuma ruwan leda guda ɗaya ya isa wannan aiki. A bar jinin ya ɗan zuba yayin wankin, sannan a ninka ƙyalle mai tsabta ko auduga a danne da ƙarfi na minti 10 zuwa 15 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, ƙafar tana ɗage a kan wani abu. Idan akwai aidin a shafa, a rufe da filasta ko a ɗaure da bandeji, ɗauri mai riƙewa amma ba wanda zai hana jini gudu zuwa yatsu ba. Idan jini ya ɓullo ta cikin ƙyallen, a ƙara wani a kai a sake dannewa. Laka da toka da ƙasar gona da kashin shanu da baƙin mai da garin batir, waɗanda duk na ga an sa wa rauni a ƙauyukanmu, babu wanda ya dace a cikinsu. Ƙasa da kashin dabba su ne mazaunin ƙwayar cutar tetanas, wadda ke sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi, don haka duk wanda ke aikin fadama ya kamata ya tambayi asibiti game da allurar rigakafinta, wadda ake sabuntawa bayan kimanin shekara 10.

Na san inda maganar ke yi wa manomi nauyi, wato batun komawa cikin ruwa. Wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago ya biya kuɗin yini, ko wanda ruwa ke shirin cinye masa shuka, ba zai so a ce masa ya zauna saboda ɗigon jini ba. Amma raunin da ke buɗe, wanda jininsa ba ya daskarewa, ƙofa ce a buɗe ga duk abin da ke cikin ruwan. Abin da na tsayar a gonarmu shi ne wanda aka ciza ya koma aikin tudu a wannan yinin, ɗaukar iri ko taki ko kula da injin ban ruwa, washegari idan wurin ya kame a rufe shi da filasta mai hana ruwa ko a sa takalmin roba. Asarar rabin yini ta fi sauƙi a kan mako biyu da kuɗin magani da muka biya.

Ƙaiƙayi yana zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma susa ce ke mayar da ƙaramin cizo gyambo. Ƙyalle mai sanyi yana rage shi, haka ma maganin ƙaiƙayi irin Piriton, sai dai yana sa barci, don haka ba na mai hawa babur ko tuƙa kwale-kwale ba ne. Idan ana buƙatar maganin zogi, farasitamol ya fi dacewa, domin asfirin da magungunan ciwon jiki danginsa suna ƙara tsawaita zubar jini. Alamomin da ke nuna lokacin asibiti ya yi su ne jan da ke faɗaɗa, zafi da kumburi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, mugunya, jan layi da ke hawa sama daga raunin, kaluluwa, zazzaɓi, ko jinin da ke jiƙa ƙyalle bayan ƙyalle duk da dannewa, ko wanda ya wuce kwana guda. A nan ina roƙon mutanenmu su daina sayen kafso a kemis da ka, domin ƙwayar Eromonas ba ta jin ampisilin da yawancin danginsa, waɗanda su ne aka fi miƙa wa mutum idan ya ce yana da ciwo. Akwai magungunan da ke kashe ta, amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa gwargwadon shekarun mutum da halinsa. Mai ciwon suga, da mai sikila, da mace mai ciki, da ƙaramin yaro, da wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini irin warfarin, da wanda matsattsaku da yawa suka kama a lokaci guda, waɗannan kada su jira alamomi su taru. Wanda kuwa fuskarsa ko leɓɓansa suka kumbura, ko jikinsa ya feso da borin jini, ko numfashi ya yi masa wuya jim kaɗan bayan cizon, a ɗauke shi zuwa asibiti a take.

Akwai wani kuskure da nake tsoro ƙwarai, domin yana iya cin rai. Cizon kububuwa ma yana sa jini ya ƙi tsayawa, kuma manomi da ya fito daga gona ya ga jini a ƙafa yana iya cewa matsattsaku ce ya koma gida. Bambancin shi ne saran maciji yana zuwa da zafi a take da kumburi mai hawa, sau da yawa ana ganin hujin haƙora, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta tsohon rauni ko cikin fitsari. Idan ba a ga matsattsakun da ido ba, kuma wurin yana zogi yana kumbura, a ɗauke shi a matsayin saran maciji har sai asibiti ya ce ba shi ba ne.

Duk abin da na faɗa ya shafi wadda ta kama fata ne, inda ido ke ganinta. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ke shiga ciki. Ƙaramar matsattsaku da ba ta ci komai ba siririya ce kamar zare, kuma mutumin da ya kifa baki a tafki, ko ya debi ruwa da tafin hannu ya sha ko ya shaƙa a hanci, yana iya haɗiye ta bai sani ba. Sai ta maƙale a cikin hanci ko bayan maƙogwaro, ta zauna kwanaki ko makonni tana sha tana girma. Wani maƙwabcinmu Bafulatani ya taɓa kawo ɗansa ɗan shekara bakwai da ya yi sama da mako yana haɓo ta hanci ɗaya, ana cewa zafin rana ne, ana jiƙa masa kai, har idanunsa suka yi fari fat, tafiya kaɗan sai haki. Mahaifin da kansa ne ya yi zargin abin, domin ya san yadda take yi wa shanu, saniya ta riƙa zubar da yawu da jini tana huci. A asibiti aka haska hancin aka gan ta, aka zuba magani aka zaro ta da hantsaki, sannan aka yi ta fama da ƙarancin jinin da ta bar masa.

Wannan al'amari tsoho ne a littattafan likitanci. Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin yadda ake ciro matsattsaku da ta maƙale a maƙogwaro, har da kayan aikin da ake yi da shi. Sojojin Faransa da jagoransu Napoliyon ya kai Masar sun faɗa cikin wannan masifa a 1799, lokacin da ƙishi ya sa suka sha ruwan kududdufai, suka riƙa tofar da jini suna shaƙewa. Irin da ta fi suna da wannan aiki ita ce Limnatis nilotica ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma har yau likitoci a ƙasashe irin Habasha suna ba da rahoton yaran da aka yi wa ƙarin jini saboda ita. Alamominta su ne haɓo mai maimaituwa, galibi ta hanci ɗaya, toshewar hanci, jin motsin wani abu a ciki, tofar da jini ko tari da jini, dashewar murya, da wahalar haɗiya ko numfashi, a jikin wanda ya sha ruwan tafki ko ya yi iyo a cikinsa kwanakin baya. Wannan ba aikin gida ba ne. Kada a zura tsinke ko matsefata, domin tana da santsi kuma tana ja da baya, kada kuma a ɗura wa yaro ruwan gishiri ko taba yana kwance rigingine, domin idan ta saki tana iya faɗawa hanyar numfashi. A zaunar da shi kansa a sunkuye gaba a tafi asibiti, kuma a faɗa wa likita a fili cewa yaron ya sha ruwan tafki, domin wannan kalma ɗaya tana iya gajarta bincike. A can suna amfani da ruwan gishiri mai ƙarfi ko maganin kashe zafi don ta saki, amma suna yi ne suna ganinta, hantsaki yana riƙe da ita.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa, alhali faɗarsa wajibi ce. Matsattsaku tana shiga ta gaban mace ko ta dubura ko mafitsara ga wanda ya zauna ko ya yi wanka a ruwan da take. Ƙaramar yarinya da ba ta kai munzali ba tana iya dawowa daga wanki a gulbi tana zubar da jini, haka tsohuwa da ta daɗe da daina al'ada. Ina kira ga iyaye mata da kakanni cewa idan haka ta faru, kada a ɓoye, kada a tsare yarinya da duka ko zargi, a kai ta a duba, domin likita ne zai tantance ko matsattsaku ce ko wani abu ne daban da shi ma ke buƙatar kulawa. Jinin da ke fita a ƙarshen fitsari ga yaran da ke yawan iyo kuwa galibi tsargiya ce, wadda tsutsarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, kuma maganinta daban ne. Ruwan da ke ba mu shinkafa da kifi shi ne ke ɗauke da su duka biyun.

Rigakafin wadda ke shiga ciki mun riga mun san shi, mantawa muka yi. Waɗanda suka yi wayo a shekarun yaƙi da kurkunu za su tuna ƙyallen tace ruwa da aka riƙa rabawa ƙauye-ƙauye, a aikin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka tsaya a kai. A 1988 an ƙidaya mutum sama da 650,000 masu kurkunu a Najeriya, a watan Disamba na 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ita daga ƙasar. Da kurkunu ta tafi, al'adar tacewa ta bi ta, alhali ƙyalle mai matsattsen saƙa da aka ninka a bakin jarka yana tare ƙaramar matsattsaku kamar yadda ya tare waccan. Tacewa ba ta kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, wannan sai tafasawa ko sinadarin kulorin, amma ga manomi da makiyayi da ke tsakiyar daji ta fi kifa baki a tafki nesa ba kusa ba. Mafi kyau dai a taho da ruwan rijiya ko na burtsatse daga gida, wanda zai isa sha da alwala, domin shaƙa ruwa a hanci da kurkure baki suna cikin hanyoyin da take samu. Idan dole sai da ruwan tafki za a yi alwala, a deba a buta ta cikin ƙyalle.

Kare fata ya fi wannan wuya, kuma ba zan yi kamar ban san halin taɓon fadama ba. Dogon takalmin roba yana hana ta, amma yana nutsewa a laka ya maƙale, ga zafi, ga tsada, shi ya sa yawancin masu dashe ke cire shi su ajiye. Abin da na ga ya fi karɓuwa shi ne wando mai kauri da aka cusa ƙafarsa cikin doguwar safa mai matsattsen saƙa, irin ta 'yan ƙwallo, a ɗaure da igiya ƙasan gwiwa. A dazuzzukan Malesiya da Siri Lanka, inda matsattsakun tudu ke bin mutum a kan ganye, suna ɗinka wata safa ta yadi da ke zuwa har gwiwa domin wannan aiki, kuma babu telan kasuwar Argungu ko Jega da zai kasa ɗinka irinta da ragowar yadi. Launi mai haske ya fi, domin ana hango ta tun tana hawa. Man korar sauro mai sinadarin DEET yana korar ta, sai dai ruwa yana wanke shi daga fata, don haka ya fi amfani idan aka shafa shi a kan wando da bakin safa sama da inda ruwa ya kai. Wanda yake da tsohon ciwo ko faso a ƙafa ya rufe shi kafin ya shiga, domin jini da rauni suna jawo ta.

Sanin wurin ma rigakafi ne. Ta fi son ruwa mara zurfi da ba ya gudu, mai ciyawa da bado da kainuwa da ruɓaɓɓen ganye, da bakin mashaya inda shanu ke tsayawa kullum. Tsakiyar gulbi mai gudu ba wurinta ba ne. Bayan ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa da yawa a Kebbi a 2020, ruwa yana barin kududdufai a wuraren da ba a saba ba, har bayan gidaje, kuma nan ne yara ke zuwa wasa. Masunta da ke bin tafkuna da homa da gora sun san wannan tun kaka da kakanni, amma tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, mutane da yawa da ba su tashi a fadama ba sun shigo noman, ma'aikatan gwamnati da matasa 'yan birni, kuma su ne na ga sun fi firgita su aikata abin da na aikata. A gonarmu yanzu duk lokacin da aka fito hutawa kowa yana duba ƙafar ɗan'uwansa, bayan gwiwa da tsakanin yatsu da inda wando ya ɗaure, yara kuma ana duba su har hammata da matsematsi idan sun dawo daga iyo.

Wani abokina da na ba wannan labari ya tambaye ni ko gaskiya ne Turawa suna jinya da ita, kuma idan haka ne me zai hana a kamo ta a yi ƙaho da ita. Gaskiya ne, a 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da ita, musamman bayan tiyatar mayar da yatsa ko kunne da ya guntule, inda jini ke taruwa ya rasa hanyar fita. Amma waɗannan kiwonsu ake yi a wuri na musamman, ana amfani da kowace sau ɗaya a kan mutum ɗaya sannan a kashe ta, kuma duk da haka ana ba majinyacin maganin kariya daga ƙwayar Eromonas. Wadda aka kamo a mashaya babu wanda ya san jinin dabbar da ke cikinta, don haka na ce masa kada ya kusanci wannan tunani.

A cikin buhun da nake ratayawa zuwa gona yanzu akwai wata ƙaramar roba mai murfi, a cikinta da guntun sabulu, da aidin, da auduga, da filasta, da tsohon katin banki, da ƙyalle fari da aka wanke aka shanya a rana, sai ledar ruwa biyu da ba a taɓa su don sha. A daminar bana an ciji mutum huɗu a gonarmu, har da shi ɗan yayar tawa, kuma a karo na biyun nan shi da kansa ya zauna a kan kunya ya tura farce ƙarƙashin bakinta, sannan ya ce in miƙo masa ruwan da sabulun.